Rabon Rumfar Gada

Dab da magariba mai lambu ya koma bayan gida don ya rufe famfon da ya manta. Bakinsa har kunne, domin ranar ya gama da rumfar gada.

Kun dai san ta, siririn zaren nan rawaya, ba ganye. Da ta tsiro sai ta yi ta juya kai a iska tana shinshina, har ta sami itace. Ta nannaɗe shi, ta kafa baki, saiwarta ta bushe, shi ke nan ta zauna shan jinin wani. Tun yana yaro ta lulluɓe tsohon shingen lambun, marigayi babansa kuwa kullum cewa yake, "Bar mata rabonta, mai ƙoshi ba ya yawo." Shi kuma kunnen ƙashi, ya sare shingen kaf ya cinna masa wuta, wai kada ta kama masa dashen lemo.

Ya rufe famfon. Sai ya lura kwaɗi sun yi tsit.

Ƙaurin toka ya tafi, wani wari ya maye gurbinsa, irin na ɗanyen reshe da aka karya.

A kan tokar akwai mace tsaye, siririya kamar tsinke, cikin mayafi rawaya. Kanta yana juyawa a hankali, yana zagaye. Ya duba ƙasa. Mayafin ya ƙare a iska, babu ƙafa.

"Ka ƙone min masauki," ta ce da raɗa. "A jikin wa zan kwana?"

Ya nemi addu'a, harshe ya ƙi. Wani abu mai sanyi ya zagaye masa wuyan hannu, ya ɗan tsotsa, ya saki.

"Kai ka bushe," in ji ta.

Daga cikin gida jaririyarsa ta tsala kuka.

Kan matar ya daina juyawa. Ya karkata wajen tagar ɗakin.

Wani zare rawaya ya fito daga mayafin, ya fara miƙewa ta kan kunyoyi, sululu, ba gaggawa. Ya sara da lauje, guntayen suka tashi kowanne da kansa. Ya tattake, suka bi ta tsakanin yatsunsa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba, ya durƙusa yana kuka kamar yaro.

Hannunsa ya faɗa kan tukunyar dashen lemo. Ya tura ta gaban zaren.

Zaren ya tsaya. Ya shinshina. Ya nannaɗe.

Ya tura wata, ya sake tura wata, yana ja da baya har ya bugi ƙofa.

"Baban Auta, lafiya?" in ji matarsa. "Dubi ƙafar yarinyar nan, kamar an ɗaura mata zare."

Shatin rawaya ne, zagaye ɗaya.

Tun daga ranar bai ƙara sayar da dashe ba. Sai ya zaɓi masu kyau ya jera wa rumfar gada, ya ba su taki da ruwa, ta shanye, ya kawo wasu. Maƙwabta na dariya, wai ga mai noman ciyawa. Shingen da ya sake dasawa kuwa ko kallonsa ba ta yi, don ta riga ta ɗanɗani lemo.

Auta ta fara tafiya, shatin bai goge ba. In aka ajiye ta a tsakar gida da yamma, sai ta fara juya kai a hankali, tana shinshina.