'Yar Wanda Aka Kora Daga Barga

Ranar da ya fara ganinta, hannunta na kan gadon bayan Akawal, baƙin ingarman nan da ya ciji ma'aikata biyu a wata guda. Autan mai barga ya tsaya cak a bakin ƙofa, yana jiran ya ji ihu. Shiru. Ta nutsa tafin hannunta cikin tsokar bayan kafaɗar dokin tana murzawa a hankali. Can sai Akawal ya sauke kai, ya lumshe ido, ya saki wata doguwar hamma.

"Malama, me kika ba shi?" Auta ya tambaya.

"Ban ba shi komai ba. Ciwo ke sa shi cizo. Matsa, kana tare min haske."

Ya matsa yana murmushi. Daga ranar ya laƙaba mata Likita, duk da ta sha faɗa masa ita mai tausar dawaki ce kawai.

Shi bai san ta ba. Ita kuwa ta san shi, ta san ubansa, ta san kowane lungu na bargar nan.

Tana da shekara goma sha biyu ta kawo wa mahaifinta abincin rana, ta tarar an tara ma'aikata. A lokacin Baba ne mai tausar bargar. Wata goɗiyar tsere ta nakasa, mai horar da dawakin ya ce hannun Baba ne ya jawo. Baba ya ce a duba sirdi, aka ce ya rufe baki. Mai barga ya nuna masa ƙofa ya ce, "Fita, kada in sake ganin ƙafarka." Labari ya zaga, babu wanda ya sake ba shi doki. Ya koma gadin wani kanti.

Ita ya koya wa aikin, a jikin dokin keken maƙwabcinsu. Ta ƙara da kwas, ta karɓi shaida, ta nemi aiki a wannan bargar da gangan. Shirinta a tsare yake: ta sa su kasa komai sai da ita, sannan ta tona wa mai horo asiri, ta bar su da kunya. Abu na farko da ta yi shi ne sa a ajiye tsohon sirdin mai horon, wanda yake ji da shi kamar ɗansa, aka canza wa Akawal wani.

Auta ne kawai ba ta shirya masa ba. Kullum yana nan, yana riƙe mata ragama, yana miƙo tawul, yana tambayar abin da ya riga ya sani. Sai saƙonninsa suka fara shigowa wayarta.

"Likitata, tun safe kafaɗata ke ciwo. Ko sai na yi haniniya za a duba ni?"

"Majinyatana masu ƙafa huɗu ne, Auta. Ka sha magani."

"Idan na zo da rarrafe fa?"

Ta yi dariya, nan take kuma ta ji haushin kanta. Ɗan mutumin da ya kori Baba ne fa. Ta kife wayar, ba a yi minti biyu ba ta sake ɗaukowa.

Mai horo ya daɗe yana yi wa 'yarsa sha'awar Auta, ga kuma haushin sirdi. Wata safiya ya tsaya yana kallon yadda take fara aiki daga bayan kunnen doki, ta gangara wuya da gaɓoɓin yatsu. Mutum ɗaya ya sani mai fara tausa haka. Ya wuce ofis kai tsaye.

Mai barga ya sa aka kira ta, Auta na tsaye a gefe.

"Ke 'yar wace ce?"

"'Yar wanda ka kora ce, ranka ya daɗe," ta ce, idonta cikin nasa. "Ina bayan tarin ciyawa ranar. Na ji komai."

"Wato ramuwa ta kawo ki. Har da ɗana?" Ya juya ga Auta. "Wannan kake ce min za ka aura? Ban yarda ba."

Ta ajiye makullin ɗakin kayanta a kan tebur ta fita. Auta ya cim mata a bakin get.

"Da gaske ne? Ni ma ina cikin shirin?"

"Da farko na so ka ji abin da muka ji."

"Yanzu fa?"

Ta tari mota ta tafi.

Mai horo ya maido da sirdinsa. Cikin sati biyu Akawal ya koma cizo, ya fara ɗingishi, ga babban tsere ya matso. Likitan dabbobi ya yi hoto ya ce ƙashi lafiya lau. Sai ga saƙon Auta.

"Har yanzu ina fushi da ke. Amma Akawal ba ya iya juya wuya, abinci ma ya rage. Ni ma haka. Don Allah ki zo."

Ta karanta sau uku kafin ta amsa.

"Zan zo. Amma da Baba zan zo, ta babbar ƙofar da aka kore shi. Kuma mai horo ne zai ɗaura sirdinsa da hannunsa, a gaban kowa. In Abbanka bai yarda ba, ku nemi wata."

Baba ya ce shi ba zai taka wurin ba. Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, shekara goma sha ɗaya nake jiran wannan safiyar. Ka sa farar rigarka."

Ma'aikata suka taru a filin motsa dawaki. Mai horo ya ɗaura sirdi. Ta ce Auta ya hau, ya zaga a hankali na minti goma. Da aka sauke sirdin, bayan Akawal ya jiƙe da gumi, sai wurare biyu busassu a gefen dozonsa, wato tudun kafaɗarsa.

"Nan sirdin ke matsewa, har gumi ba ya fita," ta ce. Ta ɗora babban yatsa ta danna kaɗan. Ingarman ya lanƙwasa baya kamar zai durƙusa.

Baba ya ɗauki sirdin ya juya cikinsa, ya shafa. "Shi ne," ya ce a hankali. "Ƙashin cikinsa a karkace yake. Shi aka ɗaura wa goɗiyar nan. Na faɗa a ranar."

Mai horo ya fara kame-kame. Mai barga ya kalle shi, ya ce a ƙasa-ƙasa ya tattara kayansa.

"Da ƙarfi, ranka ya daɗe," ta ce. "Ranar da ka kori Baba har masu shara sun ji."

Mai barga ya ɗaga murya ya maimaita. Sannan ya cire hula, ya nemi gafarar Baba a gaban kowa. Baba ya naɗe hannun riga, ya nufi Akawal, ya kai yatsunsa bayan kunnen dokin. Nan hawayen da ta daɗe tana riƙewa suka zubo.

Auta ya matso kusa da ita. "Kin gama?"

"Na gama."

"To saura bayanina, Likitata."

"Tun ranar da ka ce za ka zo da rarrafe ka ɓata min shiri," ta ce tana share fuska. "Ka yafe min."

Ita ta huce, ashe saura Baba. Da mai barga ya zo nema wa ɗansa aure, Baba ya bar shi a kan benci a ƙofar gida har rana ta juyo kansa, sannan ya fito ya ce zai yi shawara. Zuwa na biyu ma haka. A na uku ne mahaifiyarta ta tare Baba a soro.

"Malam, ramuwar ta isa haka. Kana ramawa, 'yarka na ramewa."

Baba ya yi dariyar da aka daɗe ba a ji a gidan ba, ya ce a shimfiɗa wa baƙo darduma a inuwa.

Akawal ya zo na biyu a tseren, babu wanda ya damu. Wata guda bayan nan aka ɗaura aure. Da aka watse, Baba ya kira ango da amarya, ya kama hannun Auta.

"Ga ta nan, ka riƙe ta amana. Kuma shawara nake ba ka, kada ka yi mata laifi. Ka dai ga yadda take ajiye abu a rai."

"Na gani da idona, Baba," Auta ya ce, ita kuma ta sunkuyar da kai tana dariya.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Ku tashi ku je."

Suka amsa da amin tare, mai barga na tsaye a bakin ƙofa, tasa amin ta fi ta kowa ƙarfi.