Ta'aziyyar Matuƙin Jirgi

Ummulkhair tana ɓarar gyaɗar iri a tsakar gidansu na Karaye, kwana goma sha biyu da rasuwar Innarta, sai mahaifinta Malam Ilu ya zo ya tsaya a kanta.

"Gobe zan aika Zoza, garin su Bahauddeen, a zo a kwashi lefen nan. Na fasa."

Shekara huɗu tana jiran Bahauddeen, tun yana makarantar koyon tuƙin jirgi, tun mutanen Rogo suna cewa ɗan manomi ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa.

"Baba, jigilar alhazai suke yi. Yana diyuti ne, ba a sakin su sai an gama. Ai ya kira ka—"

"A waya. Matar da ta riƙa zuba masa tuwo da hannunta, ta'aziyyarta a waya? Ba shi a jana'iza, ba shi a uku, ba shi a bakwai. Mutanen Beli da Gwangwan ma da ƙafa suka zo. Wanda ba ya zaman makoki, ba zan ba shi 'yata ba."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a cikin ƙwarya. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne, ita ma ta yi ta duban ƙofa a kwanakin nan bakwai.

Washegari da hantsi, kafin ɗan aike ya kama hanya, sai ga Gwaggo Tani, yayar Malam Ilu, wadda ta sauka daga Makka kwana biyu da suka wuce. Gwaggo kuwa ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Ana gama addu'a ta hango akwatuna a jere.

"Ilu, wannan fa?"

Ya gaya mata. Ta gyara mayafi.

"Bahauddeen ya roƙe ni in rufe bakina, amma yau sai dai ya yafe mini. Ka san wa ya kawo mini labarin rasuwar Khadijatu? Yaron nan. Awa kaɗan aka ba su su huta a Jidda. Abokan aikinsa suka kwanta, shi ya ɗaura harami ya yi mata umara. Daga nan ya bi masaukin alhazan Rogo ɗaki-ɗaki har ya same ni, kansa a aske, ya durƙusa yana kuka. Na ce ya gaya maka, ya ce ba don a ji ya yi ba."

Ummulkhair ta toshe baki da hannu. Malam Ilu ya daɗe yana kallon ɗakin marigayiya.

"Mu da muka zauna a kan tabarma, ba wanda ya kai mata abin da ya kai," in ji shi a hankali. Ya juyo ga 'yarsa. "Kin san aikin nan ba zai canja ba? Ranar da za ki haihu ƙila yana sama. Sallah za ta zo ba ya nan."

"Na sani, Baba. Zan iya."

"To, a bar lefe a inda yake. Ki gaya masa, ranar tawa jana'izar ma ƙila yana sama. Na yafe masa tun yanzu."

Sai a lokacin kuka ya ƙwace mata sosai.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Tuƙin jirgi aiki ne mai daraja, amma ba matuƙin kaɗai yake ɗaukar nauyinsa ba, har da waɗanda ya bari a ƙasa, kuma sai mai haƙuri irin Ummulkhair. Mu kuma kada mu yi saurin yanke wa wanda ba mu gani a kan tabarma ba hukunci.