Share ta Hausa da Share ta Turanci

A garin Zuru akwai wani yaro ɗan aji shida. Shi ne autan gidansu. Yana da ƙoƙari a makaranta, musamman a Turanci. Amma fa akwai shi da nuna iyawa! Kafin ka gama magana ya ce, "Ai na sani."

Yayarsa Rachel tana karanta aikin gona a kwaleji. Tana da tabulet cike da manhajoji masu amfani. Wata tana ajiye mata littattafai. Wata tana tuna mata lokacin darasi. Wadda ta fi so ita ce mai naɗar murya.

Malamin su Rachel, Malam Arzika, ya ba su aiki. Kowa ya naɗo bayanin wani tsoho kan noma. Rachel ta tafi Dabai wurin Kakarsu. Kaka ta yi mata bayanin yadda ake adana irin dawa da toka, har da waƙa cikin harshensu na C'lela. Ranar Litinin za a rufe karɓar aikin.

Da safiyar Litinin, Rachel ta buɗe tabulet za ta aika. Sai Mama ta kira ta daga madafa.

Rachel ta miƙa wa ƙanenta tabulet ɗin, ta ce, "Auta, riƙe mini. Kada ka taɓa komai, ina zuwa."

Ina! Tana juya baya ya kai ido kan allon. Can ƙasa ya ga kalma: Share.

"Wannan ai mai sauƙi ne," ya ce a ransa. "A Turanci, ma'anarta aika wa wani. Bari in ba Yaya mamaki."

Ya danna. Wani rubutu ya fito yana tambayarsa, bai tsaya karantawa ba, ya sake dannawa. Nan take muryar Kaka ta ɓace.

Sai a lokacin ya lura duk rubutun allon da Hausa yake. Ashe Rachel ta mayar da tabulet ɗin Hausa saboda Mama. Share ɗin da ya danna ta tsintsiya ce!

Da Rachel ta dawo, bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Na aika wa Malam, Yaya."

"Kai, Auta! To, na gode." Tana sauri, ta jefa tabulet a jaka ta fita.

Ranar nan yaron bai ji komai ba a aji. Ko ƙosan tara bai iya ci ba. Tsoro da kunya suka cika shi.

Da ya dawo gida, ya tarar da Rachel tana kuka a gindin mangwaro.

"Malam ya ce bai ga komai ba, Mama. Na duba, babu muryar Kaka. Idan ban kai ba kafin yamma, na faɗi."

Yaron ya kasa jurewa. Ya matso kusa da ita.

"Yaya, ni ne. Share na danna. Na ɗauka ta Turanci ce."

Mama ta riƙe baki. "Oh ni! Shi ne ka ce ka aika? Ƙaryar ta fi ɓarnar ciwo, Auta."

"Ku yi haƙuri. Tsoro na ji."

Rachel ta goge hawaye, ta miƙe zumbur. "Tsaya! Share ka ce? Ni na zaci lalacewa ta yi. Idan sharewa aka yi, ai akwai inda shara take zuwa."

Ta buɗe manhajar, ta shiga wani wuri mai hoton kwando. Ga aikin nan kwance! Ta danna Maido. Sai muryar Kaka ta cika tsakar gida da waƙa. Mama ta yi guɗa har da rawa.

Rachel ta aika nan take. Ba a jima ba Malam Arzika ya amsa cewa ya samu.

Ta jawo ƙanenta kusa. "Da ka faɗa tun da safe, da ban yi kukan nan ba. Amma da ka yi shiru har gobe, da na faɗi. Gaskiyarka ce ta cece ni."

Yaron ya yi ajiyar zuciya, murna ta kama shi. A ranar ya koyi cewa wanda bai tabbata ba, ya yi tambaya. Wanda kuma ya yi kuskure, ya faɗi gaskiya da wuri, tun ana iya gyarawa.