Fasfo a Hannun Mai Hoto

"Malama, don Allah ki gimtse fuska. Hoton biza ba a murmushi a cikinsa."

Ai kamar cewa ya yi ta fara. Bushra ta cije leɓe, ta gyara bakin hijabinta, ta ƙura wa kyamara ido, sai dariya ta kuɓuce mata. Mai hoton ya sauke kyamara ya dafe kai. Awaisu sunansa, dogo ne siriri, shagonsa ɗan ƙarami a bakin titin kasuwar Funtua, kuma tun da ya buɗe shi bai taɓa samun wadda ta ba shi wahala haka ba.

"To ki tuno wani abin baƙin ciki mana."

"Yau dai ba ni da shi," ta ce.

Kakarta ta wajen uba, wadda duk Bakori ke kira Tsohuwa, tana zaune a benci tana kaɗa ƙafa. "Kai yaro, ce mata Turawan sun fasa ɗaukarta, ka ga yadda ake shan kunu."

Nan take fuskar Bushra ta canza. Ƙyas, ya ɗauka. Da ya duba hoton sai ya daɗe yana kallonsa fiye da yadda aiki ya buƙata, kuma Tsohuwa ta gani, don babu abin da ke wuce ta.

Bushra malamar gona ce, aikinta yawo ƙauyuka tana koya wa mata yadda za su tsare hatsi daga ƙwari. An zaɓe ta cikin matasan ma'aikata da za su je ƙasar Holan wata tara, su zauna a gidajen manoman can, su koyi adana iri, su kuma nuna wa masu masaukinsu yadda ake rayuwa a nan. An ce kowa ya taho da hotunan garinsu. Da ta faɗi haka, Awaisu bai bari ta rufe baki ba.

"Ni zan ɗauka miki. Wayarki ba za ta iya wannan aikin ba."

"Ka ga wayar tawa ne?"

"Ban gani ba, amma na tabbata ba za ta iya ba."

Haka aka fara. Lokacin girbi ne, dawa ta sunkuyar da kai ko'ina. Bushra da Tsohuwa su shiga ƙaramar bas, Awaisu ya biyo su a babur. Suka ɗauki mata suna sussuka a Danja, suka ɗauki rumbunan laka a Mahuta, suka ɗauki masu awon masara ranar kasuwar Bakori. Ranar da suka je wajen 'yan gwanjo neman rigar sanyi, Bushra ta zura wata ƙatuwar riga mai gashi a wuya, rana na tsaka, gumi na tsiyaya. Awaisu ya yi dariya har ya riƙe ciki, daga ranar ya raɗa mata Baturiyar Bakori.

Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Baturiyata, na tace hotunan yau. An ce in ɗauki rumbu, amma duk inda na juya kyamara ke take samowa. Ki yi mata faɗa."

Ta karanta ya fi sau nawa kafin ta amsa:

"Mai hotona, kyamara ba ta da laifi. A binciki mai riƙe da ita."

Wallahi son Awaisu ya kama ta, kamu na gaske, ba ta ma tsaya musu da zuciyarta ba. Shi ne kaɗai namijin da in ta yi maganar tafiyar nan yake jawo kujera ya saurara. Shi ya nemo mata lokutan sallar can, ya gano mata masallacin da ya fi kusa da ƙauyen da za ta sauka, ya kuma roƙi Tsohuwa ta rage daddawar da take ɗurawa a jaka kada a tsare jikarta a filin jirgi.

Sai biza ta fito, sai kuma Malam Rabe, mahaifin Bushra, ya buɗe baki. Da ma shirun da ya yi, zatonsa abin ba zai tabbata ba.

"Budurwa ba za ta bar gidana ta ƙetare teku ta zauna a gidan wasu ba," ya ce. "In da miji a kanta, ruwansa. Ya ce ta je, ta je. Amma ni ban sa hannu ba."

"Baba, shekara biyu ina neman damar nan."

"Na ji. Ga Alhaji Maiwada nan ya daɗe yana magana. Ba zan tilasta miki ba, amma mutum ne mai abin yi."

Tsohuwa ta ce, "Akwai yaron nan mai hoto."

Malam Rabe ya yi tsaki. "Inna, ɗaukar hoto sana'a ce? Mutumin da ko kuyya ɗaya ta gona bai gada ba?"

Alhaji Maiwada dillalin hatsi ne, shi ke sayen masarar Malam Rabe duk shekara. Ya zo zance da motarsa mai sheƙi, ya zauna ya baje babbar riga. "Ke kuwa me za ki je nema a Turai? In iri kike so, sito biyu gare ni cike. Matata ko Kano ba za ta je ba ni ba." Ka ji fa. Bushra ta gaishe shi da ladabi, ta ce kanta na ciwo, ta shige gida.

Nan ta yi kuskure. Ba ta gaya wa Awaisu sharaɗin mahaifinta ba. Kunya ta hana ta. Ta yaya budurwa za ta dubi saurayi ta ce ka yi sauri ka aure ni, jirgi zai tashi? Ta yi shiru tana ta addu'a, Maiwada kuwa bai yi shiru ba.

Ranar Laraba da hantsi saƙo ya shigo, babu Baturiya a cikinsa:

"Bushra, Alhaji Maiwada ya zo shagona. Ashe sai da miji za a bar ki ki tafi? Me ya sa ban ji daga bakinki ba? Ya ce kin zaɓe ni ne don kin san talaka ba zai hana ki ba. Ki gaya mini gaskiya, ni kike so ko hanyar filin jirgi?"

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta rubuta, "Awaisu, ka bari in yi maka bayani," bai amsa ba. Ta yi kuka har idonta ya kumbura, da kukan ya ƙare sai haushi ya maye gurbinsa. Ita za a yi wa wannan zato? Washegari ta ɗauki jaka ta ce, "Tsohuwa, tashi ki raka ni Funtua."

Sun same shi a shago yana goge kyamarar da babu datti a jikinta. Bushra ta zaro fasfo ɗinta ta ajiye masa a kan tebur.

"Ga shi, ka riƙe. Bizar na ciki. Ka bari sai jirgin ya tashi ba ni, sannan ka turo magabatanka in har kana so na. Ka ga ranar ba ka da sauran tambaya."

"Bushra, ba haka nake nufi ba."

"Haka ka rubuta. Na ɓoye maka ne don kada ka yi tunanin da ka yi ɗin. Tafiyar nan ina son ta kamar raina, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ban taɓa kallonka na ga tikiti ba."

Ta juya ta fita. Tsohuwa ta miƙe da kyar, ta dube shi sama da ƙasa. "Tsawon banza. Ɗan kasuwa ya zo ya auna ka da mudu ɗaya, ka yarda."

Bushra ta koma gida ta sauke rigar sanyin daga igiya, ta cusa ta ƙasan akwati. Ba ta ci abincin kirki ba kwana biyu. A rana ta uku aka aike ta kai wa masu girbi fura a gona, tana isowa ta hangi babur ɗin da ta sani a gindin ɗorawa. Ta laɓe bayan tarin dammunan dawa.

Awaisu ne durƙushe a gaban Malam Rabe, takalmansa a gefe. Ba a haka, kowa ya sani. Saurayi ba ya tunkarar uban budurwa da kansa, sai dai ya tura manya. Amma ga shi ya zo, ya miƙa fasfon da hannu biyu.

"Baba, ku gafarce ni, na yi rashin kunya. Kawuna zai zo gobe yadda aka saba. Wannan ne ba zan iya kwana da shi ba kuma. Na ɓata mata rai, ta kawo mini shi ta ce ta fasa. In ta fasa saboda ni, ban san da wane ido zan dube ta ba."

Malam Rabe ya juya fasfon a hannunsa. "In na ba ka ita, za ta tafi?"

"Za ta tafi, Baba."

"Amarya sabuwa, wata tara? Mutanen gari su yi da kai?"

"Su yi. Za su gaji."

Dattijon ya dubi gonarsa har ƙarshenta. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa, irin wadda Bushra ba ta taɓa ji ba. "To in ta ga ƙasar da ta fi nan, ta ƙi dawowa fa? Ita kaɗai ce a 'ya'yana ta ɗauki noma da daraja."

Ashe abin da ke cinsa ke nan. Hawaye ya zubo wa Bushra.

Awaisu ya ce, "Baba, na bi ta ƙauyuka da kyamara. Na ga ta ɗebi dawar da ƙwari suka cinye a rumbun wata tsohuwa a Mahuta, ta zauna a ƙasa kamar an yi mata rasuwa. Don wannan rumbun za ta tafi. Ko ba don ni ba, za ta dawo."

Malam Rabe ya share fuska da hannun riga, wai gumi ne. "Ke da kika laɓe bayan dami, tun ɗazu nake ganin gefen hijabinki. Kawo furar nan, baƙo ya sha."

An ɗaura aure ranar Juma'a a ƙofar gidan Malam Rabe. Alhaji Maiwada bai zo ba, kuma babu wanda ya ji abincin ya rage daɗi. Amarya ta tare a Funtua, a ɗaki biyu da Awaisu ya shafe da sabon fenti, kuma 'yan makonnin da suka samu, rabinsu a ɗaure kaya da kwance kaya suka tafi.

"Mai hotona, anya za ka iya?" ta tambaye shi ana gobe tafiya.

"Ba zan iya ba, Baturiyata. Amma za ki tafi."

Da safe aka taru a tasha. Tsohuwa na kuka tana zagin masu kuka. Malam Rabe ya dafa kan 'yarsa ya ce, "Allah ya tsare ki, ya kai ki lafiya, ya dawo da ke da abin da zai amfani mutane. Na yafe miki duniya da lahira."

Sannan ya juya ga Awaisu, ya ɗaure fuska.

"Kai kuma, in ruwa ya sauka ka rufe shagon nan ka zo Bakori. Gonar gindin ɗorawa na ba matarka, kuma ba za ta zauna ba shuka ba don tana Turai. Kai za ka nome ta. In ba ka iya riƙon fartanya ba, ɗana, ni zan koya maka."

Awaisu ya durƙusa. Ta tagar mota Bushra ta ga mahaifinta ya kamo hannun mijinta ya tashe shi tsaye, bai kuma saki hannun ba har motar ta hau titi. Allah ya albarkaci auren, ya haɗa fuskokinsu da alheri.