Ruwan Zafin Motar Njidda

La'asar ta yi sakaliya, inuwar katanga ta miƙe har tsakiyar hanya, lokacin da Njidda ya tsayar da motarsa a ƙofar gidan Sada bakanike a unguwar Sarkin Dawaki. Tsohuwar bas ce 'yar Beljiyam, irin wadda Turawa ke yawo da ita, da gado da kabad da wurin wanke kwano duk a bayanta. Njidda fataucin shanu yake yi tsakanin Jalingo da Gembu, kuma a cikinta yake kwana in ya hau tsaunin Mambila. Ya buɗe ƙofar baya ya nuna wa Sada kafet ɗin da ya jiƙe sharkaf da wani koren ruwa.

"Motan nan yana shan ruwa kamar raƙumi," in ji Njidda. "Daga Iware zuwa nan, sau biyu na ƙara masa."

Sada ya ɗaga katakon gadon ya leƙa. A ƙarƙashi hitar baya take, wata 'yar ƙaramar lagireto a cikin akwati, ruwan zafin inji na bi ta cikinta ta tiyo biyu, fanka na hura ɗuminsa cikin mota. Ta huje a gefe tana tsiyaya. A Jalingo, inda rana ke gasa mutum har cikin inuwa, kowane bakanike haɗe tiyon biyu zai yi ya jefar da ita a juji. Amma Njidda ya ce sanyin Mambila ba ya wasa, ya ma taho da wata hitar a leda, kuma gobe yake son kama hanya.

Sada gwani ne, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Sai dai Allah ya yi shi da zuciya a kusa da kuma ji da kai, ba ya ganin akwai hannu mai albarka a garin nan bayan nasa. Babu mai jure aiki da shi, shi ya sa in aiki ya biyo shi gida 'yarsa Khairiyya ce ke riƙe masa tocila tana miƙo sifana. Shekararta ashirin, ita ke zana wa amaren unguwa lalle.

Ƙa'idar aikin ita ce a bar inji ya huce. Sada bai bari ba, yana so ya gama kafin duhu. Ya matse tiyo ɗaya da filaya, ya kwance kilif ɗin ɗayan, ya tara daro, ruwa ya tsinke a ciki yana tururi har sai da ya kusa cika. Daidai nan ladan ya ɗaga murya.

"Ɗauki ki watsar a kango," ya ce da Khairiyya.

"Baba, magariba ta yi. A bari ya huce mana."

Matarsa Furera ta leƙo daga zaure da buta a hannu. "Malam, ruwan zafi ne fa, ga almuru. Ba a watsa shi haka."

"Daro nake so, ba wa'azi ba. Ke, wuce kafin ranki ya ɓaci!"

Khairiyya ta ɗauka. Bakin daron na cin yatsunta, tururi na dukan fuskarta, ta isa guntuwar katangar kangon da ke gefen gidan a guje, zafi bai bar ta ta yi bismilla ba, ta watsa. Wani abu ya tsala ihu daga can ciki, siriri, gajere, kamar na jinjirin da aka tsikara, sannan ya yi ɗif. Dukansu sun ji.

Sada ya ƙarasa aikinsa. Ya ɗaura sabuwar hita, ya matse kilif, ya cika ruwa, ya tayar da inji har iskar da ke cikin tiyo ta fita, ya sa tafi ya ji ɗumi na fitowa. Da safe Njidda ya zo ya kunna fankar don ya gwada, sai kukan jariri ya biyo ɗumin daga ƙarƙashin gadon. Ya kashe, kuka ya tsaya. Ya sake kunnawa, kuka ya dawo. Njidda ya ajiye makulli a kan kujera, ya tafi tasha ya hau motar haya.

Daga ranar, da zarar rana ta faɗi sai jifa ya fara sauka a kan kwanon gidan, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Furera ta taɓa tsintar dutse ɗaya, ta yar da shi da salati, don zafi yake kamar an ciro shi daga murhu. Sada ya ce shaƙiyancin 'yan unguwa ne. Sau biyu yana kwance hitar yana mayarwa, yana neman abin da ke kuka a cikin fanka, bai sami komai ba, amma taurin kai ya hana shi faɗa.

A rana ta uku Khairiyya ta daina magana. Sai ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta haɗa hannuwa kamar mai rungume da jariri, tana jijjigawa tana hura masa iska a hankali. Ba ta shan koko, ba ta taɓa duk abin da ya hau wuta. Bororo ya fito mata a gadon baya, alhali ko ruwan ɗumi bai taɓa ta ba. In magariba ta yi sai ta ɗago ta zuba wa ubanta ido, shi kuwa ya tsiri aiki a waje. Tsoro ya kama Sada ƙwarai, amma ya gwammace ya mutu da ya ce matarsa ta yi gaskiya.

A rana ta tara Furera ta yafa mayafi ba ta nemi izinin kowa ba, ta tafi Iware ta taho da Modibbo Mahadi, wani dattijo siriri mai sanyin murya wanda ya daɗe yana wannan aiki. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka zaunar da yarinyar. Kafin ya fara ya dubi iyayen.

"Duk abin da ta tambaya, ni zan amsa. Ko sunanku ta kira, kada wanda ya tanka."

Ya fara karatu. Rana na gangarawa, kaji na shiga akurki, tsakar gidan ya yi tsit ban da muryarsa. Can jikin Khairiyya ya ɗauki rawa, bakinta ya buɗe, wata murya ta fito, ta tsohuwar mace, a shaƙe.

"Ka daina ƙona ni, Modibbo. An ƙona min ɗa, bai isa ba?"

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya. Shekara nawa muna kangon nan. Matar gidan in za ta zubar da ruwa takan ambaci Allah, mu kauce. Ranar ina ba shi nono. Hannunsa ya saluɓe har kafaɗa."

"Ba su gan ku ba. Ba da gangan aka yi ba."

"An faɗa wa mai gidan. Sau biyu."

Modibbo bai ja zancen ba, ya ci gaba da karatu yana tofawa. Muryar ta yi ihu, ta yi zagi, ta koma magiya. Ta ce za ta fita, amma sai an ba ta hannu a madadin hannun ɗanta. Modibbo ya ce ba ta da hannu ko ɗaya a gidan nan, ta fita ta yatsan ƙafa kamar yadda ta shigo. Ƙafar yarinyar ta hagu ta fara karkarwa, muryar na ƙara nisa.

Sai kan Khairiyya ya juya a hankali wajen Sada, wanda ke tsaye jikin bango.

"Bakanike. Da wanne kake riƙe sifana? Da na dama ko?"

Sada ya ji wani sanyi ya kama yatsunsa yana hawa zuwa gwiwar hannu. Ya yi ƙoƙarin dunƙulewa, suka ƙi.

"Hannun wa ya ƙona min ɗa? Faɗa min kawai, in sake ka."

Modibbo ya ɗaga murya yana girgiza masa kai. Amma Sada ba ya ganinsa. Kansa yake gani zaune a bakin gareji da shanyayyen hannu, kanikawan da ya raina suna wucewa suna yi masa sannu.

"Ni ban taɓa daron ba," in ji shi. "Ita ta watsa."

Furera ta dafe ƙirji. Karatu ya tsaya a bakin Modibbo, ya runtse ido. Muryar ta yi wata doguwar dariya mara daɗi.

"Ka ji, Modibbo. Ban ƙwata ba. Uba ne ya ba ni."

Yarinyar ta yi atishawa sau uku. Hannunta na dama ya miƙe sama, yatsun suka yi ƙara, sannan ya faɗo kan tabarma kamar tsumma. Sada ya ji ɗumi ya dawo nasa. A zaure, yana saka takalmi, Modibbo ya ce masa ba tare da ya dube shi ba, "Saura aya biyu ta fita ba ta ɗauki komai ba."

Jifa ya tsaya daga ranar. Njidda ya dawo ya ɗauki motarsa, hita tana aiki lafiya lau. An kai Khairiyya asibiti, aka ce jijiya ce, aka yi gashi, aka yi tofi, hannun bai motsa ba. Amare suka koma wajen wata mai lalle. Furera ta daina haɗa ido da mijinta, amma ba ta taɓa tayar da maganar ba. Shi kuwa Sada abu ɗaya ya riƙe yana lallashin zuciyarsa da shi, cewa an ce wanda aljani ya hau ba ya sanin abin da aka yi a kansa.

Ranar da Khairiyya ta fara tashi, ita ta kawo masa tuwo. Ta durƙusa a gabansa ta miƙa kwanon. Hali zanen dutse, kafin ya yi tunani bakinsa ya riga shi.

"Ke, da hagu za ki ba ni abinci?"

Ta ɗago ta dube shi, babu fushi a fuskarta, babu hawaye.

"Shi ka bar min, Baba. Ina ji ranar. Komai ina ji."

Kwanon yana rawa a hannunta na hagu, don hannun bai saba ba. Sada ya sa hannuwansa biyu, lafiyayyu, ya karɓa.