Dalma a Tukunyar Mama

Ranar da ta fara ganinsa allura ce a hannunta, shi kuwa ƙato guda ya runtse ido kamar yaron da za a cire wa haƙori. Ta zo unguwar masu tukwane ɗibar jini ne, tana binciken yadda gubar dalma ke lalata ƙwayoyin halittar mutum. Shi malamin firamare ne, babansa kuma ƙarafa da tsofaffin batura yake narkawa yana zuba tukwane.

"Malam, na gama fa tun ɗazu."

Ya buɗe ido ɗaya. "Ashe hannunki ba zafi, Likita."

"Ni ba likita ba ce, bincike nake yi."

"To a binciki zuciyata ma, tun da kika shigo ba ta zauna ba."

Ta harare shi, amma sunan Likita ya bi ta, ita kuma ta laƙaba masa Matsoraci. Shi ya riƙa zagawa da ita gida-gida yana lallashin iyaye su kawo yara, har soyayya ta kama su ba shiri.

Sakamako bai yi daɗi ba. Dalma ta cika jinin unguwar, ta taɓa ƙwayoyin halittar yara da yawa. Aka yi ta hira da ita a rediyo, aka ba ta lambar yabo, hukuma ta rufe wuraren narka. Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Mutane suka daina sayen tukwane, sannan suka daina neman aure a unguwar. Baiko ya riƙa warwarewa, 'yan matan da suka ba ta hannu da fara'a suna hango ta su juya baya.

Da maganar aurenta da Matsoraci ta isa gida, Abbanta ko ɗago kai bai yi ba.

"Ke da bakinki kika faɗa wa duniya jininsu ya lalace. Jikokina kike so ki gwada a kai?"

"Abba, ba haka na ce ba."

"Haka aka ji. Ga ɗan yayata nan mai kantin magani, yana jira."

Matsoraci ya daina ɗaga waya. Ta ɗauka ya tsane ta saboda an kashe murhun babansa, ta rame, abinci ya fita kanta. Can sai ga saƙo:

"Likitata, ban yi fushi ba. Gaskiya kika faɗa, yarana na aji suna samun magani saboda ke. Amma Abba ya fi ni hujja. Ki auri mai jini mai kyau."

Ta karanta a ɗakin gwaji, ta kifa kai a tebur ta yi kuka mai isarta. Aikin da take taƙama da shi ya raba ta da wanda take so, kuma ba wanda za ta kai ƙara.

Bincike bai san kuka ba. Mataki na gaba yana buƙatar jini mai tsabta don kwatantawa, sai ta ɗebi nata da na iyayenta, tunda unguwarsu nesa take. Na'ura ta nuna dalma. Ta maimaita, ba abin da ya canza. Ta koma gida, ta wuce kicin kai tsaye, ta kankari cikin tukunyar da Mama ke girki da ita tun kafin a haife ta.

Washegari ta dire tukunyar gaban Abba.

"Wannan daga unguwar su malamin take. Abin da ke jininsa yana jinina, yana naka. Ko ɗan yayarka a cikinta ya ci ya girma."

Mama ta dafe bango. "Cikin da na yi ta ɓari fa?"

"Ba zan rantse ba, Mama. Amma zai iya yiwuwa."

Abba ya daɗe yana kallon hannunsa da ke yawan rawa, wanda kullum yake ɗora wa tsufa. Shi ya sayo tukunyar da kansa yana ango. Muryarsa na karyewa ya ce, "Kira yaron nan."

Ta rubuta: "Matsoracina, ba mai jini mai kyau. Ka zo."

Aka ɗaura aure ba wani taro. Baban ango ya riƙe hannun Abba yana hawaye.

"Wallahi ban sani ba, a ciki nake ciyar da nawa."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya yi musu albarka," in ji Abba.

A sabon gidansu kicin wayam yake, ko tukunya ɗaya babu. Ango ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Likita, 'ya'yanmu fa? Ina jin tsoro."

"Ni ma haka," ta ce. "Gobe za mu fara karɓar magani tare. Akwai allura."

Ya miƙa mata hannu, wannan karon idonsa biyu a buɗe.