Fuskar Gunkin Yaƙi

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon ɗakin ana gab da kiran magariba, daidai lokacin da Mai Zane ke wanke burushinsa a kofin shayin da uwargida ta gaji da hana shi taɓawa. Ya ɗauka yaran maƙwabta ne. Ya leƙa tsakar gida, bai ga kowa ba sai wanki a kan igiya da duhu yana saukowa a hankali. Dutsen na nan kusa da famfo, baƙi ƙirin. Da ya ɗauka sai ya ji shi da ɗumi, yana ƙaurin gobara.

Sana'arsa zanen littattafan yara ce, irin masu hotuna akwati-akwati da magana a cikin da'ira. Wata uku ke nan yana fama da zanen mugun da ke cikin sabon littafinsa, wani gunkin yaƙi da mutanen zamanin da suka bauta wa, wanda ya farka zai cinye duniya. Editan kamfanin da ke buga littattafansa ya ce a yi shi ƙato, a ba shi kwarjini, don mugu ne ke sayar da littafi. Mai Zane kuwa ya zage damtse. Ya ba shi ƙirji kamar ƙofa, da hular ƙarfe mai ƙahoni, da mashi mai ci da wuta, da dariya mai cika shafi guda.

Hannunsa ba ya zana abin da idonsa bai gani ba, don haka kullum da yamma sai ya tsayar da 'yarsa Auta, mai shekara goma sha ɗaya, a kan kujera, tukunya a ka, sandar goge-goge a hannu, ta riƙa ƙyaƙyata dariyar mugunta yana zana ta. Yarinya kuwa ta samu abin yi. Har ta ce wa uwarta idan ta girma gunkin za ta zama, don jarumin littafin sakarai ne. A lokacin duk dariya suka yi.

Washegari duwatsu uku suka faɗo. Kwana na uku suka daina ƙirgawa. Da rana gida lafiya lau, amma da zarar rana ta yi ja sai jifa ta fara, daga nan kuma a ji wata murya ta tsohuwa a wajen murhu, can ƙasa-ƙasa, tana kiran yara su shigo gida, yaran da ba wanda ya san sunayensu. Kowace safiya Mai Zane zai tarar an tsiyaya tawada a kan zanensa, ba a kan jarumi ba, ba a kan gari ba, a kan fuskar gunkin kaɗai.

Zama ya gagare shi. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya ɗauki fensir, ya ajiye, ya hau tsani ya duba kwano, ya sauko bai ga komai ba. Uwargida ta ce ai ga irinta nan, mutum ya rasa wanda zai tsokana sai abin bautar mutanen da, ya mai da shi abin dariyar yara. Shi ma abin da zuciyarsa ke raya masa ke nan.

Ran kwana na biyar Auta ta ƙi cin abinci. Da almuru suka same ta zaune a teburinsa, bayanta a rankwafe kamar ta shekara tamanin, tana shafa zanen da tafin hannu. Uwarta ta kira ta, ba ta waiwayo ba. Da ta buɗe baki, muryar wajen murhu ce ta fito.

"Ƙarya ka zana."

Tsoro ya kama Mai Zane irin wanda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Ko takalmi bai tsaya nema ba, ya fita ɗauko Malam, kawun uwargida, tsoho mai ilimi wanda ba ya gaggawa ko da gida na ci da wuta. Malam ya zo, ya duba zanen ta saman tabarau, ya saurari zancen fushin gunki, ya ce gunki dutse ne, kuma shi bai taɓa ganin dutse ya jefi kowa da dutse ba. Ya yi alwala, ya zauna gaban yarinyar, ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Jifa ta tsananta a kan kwano, can kuma ta ɗauke ɗif. Jikin Auta ya ɗauki rawa, uwarta na riƙe da ƙafafunta tana kuka ba sauti. Malam ya tambayi wanda ke ciki ko wane ne, da abin da yarinya ta yi masa.

Muryar ta ce ita aljana ce, tsohuwa. Ta zauna shekaru masu yawa a bayan murhun wani gida, a wani gari da yanzu babu shi. Yaƙi ya cinye shi. Yaran gidan da ta saba ji suna wasa duk an kwashe su, duwatsun da take jifa da su kuwa na bangon gidan ne. Tana yawo ba masauki, sai ta ji yarinya a kan kujera tana dariya tana cewa gunkin yaƙi za ta zama.

"Kun ƙawata shi," in ji ta. "Kun sa yara suna son sa. A ƙona littafin duka, in ba haka ba ina nan."

Malam ya ce ba ta da haƙƙi a jikin 'yar mutane, kuma wanda aka zalunta bai kamata ya zalunci yarinya ba. Ta ce ta ji, amma ba za ta fita ta bar wannan fuskar a duniya ba. Suka yi ta ja-in-ja, duhu na ƙara cika ɗakin, har Mai Zane ya ji bakinsa ya buɗe da kansa, yana tambaya to yaya ainihin kamannin gunkin suke.

Idanun Auta suka juyo kansa a hankali.

"Ni kake tambaya? Ai ka gan shi. Ba ya riƙe mashi. Hannunsa tsaf, muryarsa taushi. Kowane ɗan mutane, ɗana yake ce masa."

Mai Zane ya zauna a ƙasa. Shekara talatin bai faɗa wa kowa ba, har matarsa. Yana ɗan shekara tara wani mutum ya zo ƙofar gidansu, mai farar riga da murmushi, ya gaida mahaifiyarsu da ladabi, ya shafa kan yayansa, ya ce yaro irin wannan jarumi ne, ƙasa na bukatarsa. Yayan ya bi shi zuwa yaƙi yana murna. Ko takalminsa ba a dawo da shi ba.

Ya ja takarda. Ya zana mutumin, bai goge ko layi ɗaya ba. Da ya gama ya ɗaga zanen, idanun Auta suka kalle shi, sannan muryar ta ce shi ne. Malam ya karɓi alkawarinta cewa ba za ta dawo ba. Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta, barci ya ɗauke ta.

Edita bai ji daɗi ba. Ya ce wannan ai ya fi kama da mai sayar da magani, wa zai ji tsoronsa? Mai Zane ya ce ko a buga haka ko a bari, ya naɗe takardunsa ya dawo gida.

Da yamma Auta ta shigo ɗakin aikin, ta tsaya a bayansa tana kallon mutumin mai farar riga. Can ta matso ta riƙe hannun rigar ubanta, ta ce wannan ba ta son sa, kada a bar shi ya shigo gidansu. Sai ta nuna yaron da mutumin ke shafa wa kai, ta tambaya shi kuma wane ne.

"Baffanki ne," in ji Mai Zane. "Zauna in ba ki labarinsa."